Burin da na rubuta a 2011, da inda sha'awar rubuta manhaja ta kai ni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in taɓo wani al'amari da ba kasafai ake waiwayarsa ba idan ana zancen matasa da ilimin kwamfuta, wato halin mutumin da yake rubuta manhaja don sha'awa, ba don ita ce hanyar cin abincinsa ba, da kuma yadda sha'awar tasa take sauya alƙibla da tafiyar shekaru. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma sama da shekara 20 ke nan nake zama gaban kwamfuta bayan sallar isha'i, duk daren da aka samu wuta, ina rubuta ƙananan manhajoji waɗanda ban taɓa sayar da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ziyarar da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini a hutun da ya wuce. Bayan mun gaisa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni dai na fara zargin kaina da rashin tsayawa kan abu guda." Ya shafe shekara ɗaya da rabi yana koyon ƙera shafukan intanet, har ya yi wa kansa alkawarin nan da wani lokaci zai fara karɓar kwangila, sai ga shi yanzu hankalinsa gaba ɗaya ya koma kan tattara farashin masara da waken soya daga littattafan cinikin mahaifinsa, yana zana yadda suke hawa da sauka tsakanin kaka da bazara. Abokansa suna ce masa ya yi asarar shekara da rabi. Ban yi mamakin wannan hukunci nasu ba, domin tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horas da matasa miliyan 3 kan fasahar zamani a 2023, kusan duk maganar da ake yi a kan wannan ilimi maganar samun aiki ce da albashi. Wannan abu ne mai kyau, ina kuma yi wa duk wanda ya shiga fatan nasara. Sai dai akwai wani rukuni na mutane da wannan ma'auni ba nasu ba ne, kuma idan aka auna su da shi za su ga kansu a matsayin waɗanda suka gaza, alhali ba su gaza ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko masa wani tsohon littafin rubutu. A bangonsa na ƙarshe, cikin watan Janairun 2011, na rubuta wa kaina abubuwan da na ƙudura zan cim ma: zan yi ƙamus na Hausa wanda zai yi aiki a ƙaramar waya, zan mayar da wasan dara manhaja, zan koyi sabon harshen kwamfuta kowace shekara, sannan zan riƙa rubuta darasi ɗaya da Hausa kowane mako a kan rubuta manhaja, in buga in raba wa ɗaliban da ke da sha'awa. A yau babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kammala a siffar da na rubuta shi. Amma dalilan rashin kammalawar ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da nake so masu karatu su duba tare da ni.

Ƙamus ɗin shi ne wanda na fi ba ƙarfina. Masu karatu da suka kai shekaruna za su tuna cewa a lokacin wayoyin Nokia masu madannai ne a hannun yawancin jama'a, ana rubuta musu manhaja da wani ɓangare na harshen Java da aka rage masa nauyi domin ƙananan na'urori, ana kuma tura wa juna manhajar ta Bluetooth a majalisa ko a tashar mota. Na ɗauka aikin mai sauƙi ne, mutum ya rubuta kalma, waya ta nuna masa ma'anarta. Ashe haruffanmu masu lanƙwasa suna jirana a hanya. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato tsarin da kwamfutoci suke gane haruffa da shi, kuma idan ka ce wa kwamfuta ta jera kalmomi, to da waɗannan lambobi take jera su muddin ba ka koya mata wani tsari ba. Ƙaramin harafin z lambarsa 122, amma ƙ lambarsa 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. Saboda haka a jerin farko da na fitar, "ƙasa" da "ƙofa" sun faɗo can bayan "zuma", sannan "ɓera" da "ɗaki" suka biyo bayansu, maimakon kowanne ya zauna kusa da ɗan'uwansa marar lanƙwasa. Sai da na rubuta wa manhajar tsarin abajadin Hausa da hannuna, harafi bayan harafi, har da sh da ts da 'y, waɗanda mai koyon karatu yake ɗaukarsu sauti guda amma kwamfuta take ganin alamomi biyu.

Da na warware wannan, sai na tarar wayoyi da yawa ba su ma da siffar haruffan a cikinsu, inda ƙ ya kamata ya fito sai ka ga ɗan akwati fanko. A cikin binciken dalili ne na fahimci wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato me ya sa har waɗanda suka iya ƙa'idojin rubutu suke zubar da lanƙwasa a saƙon tes. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 matuƙar an tsaya ga haruffan da tsarin GSM ya tanada, amma da zarar harafi ɗaya irin ɗ ya shiga, sai dukan saƙon ya koma wani tsari da ba ya ɗaukar fiye da harafi 70, abin da mutum zai biya kuɗin saƙo ɗaya sai ya biya na biyu ko uku. Ke nan, ko a wayar da take iya nuna haruffan, aljihu ma yana da hannu wajen saba wa jama'a rubuta "kasa" ko ƙasa suke nufi ko kasa. Dole ta sa na gyara binciken ƙamus ɗin ta yadda wanda ya rubuta "bata" zai ga bata da ɓata duka biyun, ya zaɓi wadda yake nema.

Ina cikin wannan aiki zamani ya juya. A Fabrairun 2011, wata ɗaya bayan na rubuta burina, kamfanin Nokia ya sanar da komawa ga tsarin Windows a manyan wayoyinsa, zuwa 2014 kuma Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin nasa, yayin da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwanninmu. Ba na ɗora wa kowa laifi a nan, haka kasuwa take. Amma manhajar da na kwana biyu ina gogewa ta wayi gari ba ta da wayar da za ta zauna a ciki, ni kuma da na duba abin da ake buƙata a sake gina ta daga tushe, sai na ji zuciyata ba ta wajen. Abin da ya tsira shi ne kalmomin. Na tara kusan 3,000 da ma'anoninsu a cikin fayil na zallar rubutu, wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, kuma har yau wannan fayil yana yi mini aiki: na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta na Python, shiri ne wanda yake bin takardun jarrabawar da abokan aikina malaman Hausa suka buga, yana nuna musu kalmomin da wataƙila lanƙwasarsu ta faɗi. Bai kai ƙamus ba, amma kowane zangon karatu ana amfani da shi, abin da ƙamus ɗin bai taɓa samu ba.

Dara ba ta daɗe a hannuna ba. Na ji daɗin koya wa kwamfuta yadda za ta hango motsin abokin wasa taki biyu ko uku gaba a kan gurbi 30, amma da aka zo wajen zana allo da ƙawata shi sai na gane ba zane nake so ba, lissafin da ke ƙarƙashinsa nake so, sai na ajiye ta ba tare da wata damuwa ba. Batun sabon harshe kowace shekara kuwa, tun asali ba buri ne mai kyau ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na fara da Visual Basic a wata cibiyar koyon kwamfuta, na bi ta Java, na ɗan leƙa wasu, kuma duk lokacin da na sauya sai in tarar ina sake rubuta ƙananan abubuwan da na riga na iya da sababbin alamomi. Tun da na tsaya a kan Python na fara yin abin da ya wuce gwaji.

Inda sha'awata ta koma ban taɓa tsammaninsa ba. A 2016 Allah ya yi wa kawuna rasuwa, aka zaunar da ni kusa da malamin da ya zo rabon gado domin in taya shi lissafi, tunda an san sana'ata. Na ga dattijon nan da alƙalami da 'yar takarda yana fitar da asalin mas'ala, sai na gane abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ne, wato neman ƙaramar lambar da dukan masu rabawa za su shiga cikinta ba saura. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, su ne kason da ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka ƙayyade, kuma a kansu aka gina ilimi mai ƙa'idoji a jere: wane ne yake gado, wane ne yake katange wani, wane ne yake ɗaukar abin da ya rage. Mai rubuta manhaja ba zai ga irin wannan tsari ya kau da kai ba. Daga baya na karanta cewa Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun a ƙarni na 9, kuma wanda daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar "algorithm" da suke kiran jerin matakan warware matsala a kwamfuta, ya ware babban ɓangare na littafinsa na aljabara ga lissafin gado da wasiyya. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin na ga hanyar da na faɗa cikinta tsohuwar hanya ce ta masu wannan ilimi.

Aikin ya koya mini abin da ƙamus da dara ba su koya mini ba. Gwajina na farko ya ba ni kaso wanda idan aka haɗa shi ba ya komawa daidai jimillar dukiyar, ana samun ɗan saura ko ɗan ƙari a can ƙarshen lamba. Dalili shi ne kwamfuta tana ajiye lambobi ne da sifiri da ɗaya, kuma a wannan tsari sulusi ba shi da ƙarshe, ko ushiri ma ba shi da ƙarshe, shi ya sa idan ka ce wa Python ta haɗa 0.1 da 0.2 za ta ba ka 0.30000000000000004. A wani aikin ana iya kau da kai daga irin wannan ɗan bambanci, amma a haƙƙin marayu ban yarda in kau da kai ba. Maganin da na samu shi ne na malamin zaure: kada a raba komai sai a ƙarshe, a riƙe kowane kaso a matsayin cikakkun lambobi biyu, na sama da na ƙasa, a yi dukan lissafin da su. Haka kuma aka yi da mas'alar auli, inda kason magada yake fin asalin yawa. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata 2 da uwa da uba: asali 24 ne, mata tana da 3, 'ya'ya suna da 16, uwa 4, uba 4, jimilla 27, sai a ɗaga asalin zuwa 27 domin ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa, sumunin matar ya koma tusu'i. Ranar da manhajata ta fitar da wannan amsa da kanta, ba tare da na saka mata ita da hannu ba, na ji daɗin da ban ji ba a duk shekarun da na yi ina bin jerin burin 2011. Ina so in faɗa a fili cewa ban taɓa raba wa kowa gado da ita ba, ba kuma zan yi ba, wannan hurumin alƙali ne da malamai. Amfaninta a wurina shi ne in fahimci ilimin, in kuma duba lissafina idan an sa ni taya wani.

Na gaya wa ɗalibin nawa cewa wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. Guido van Rossum, mutumin Holan da ya ƙirƙiro Python, ya fara ta ne a hutun Kirsimeti na 1989 domin ya samu abin da zai ɗebe masa kewa. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki a 1991 ya sanar da aikin da ya zama Linux, wato babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, ya kuma bayyana shi a matsayin abin sha'awa kawai wanda ba zai girma ba, ga shi yau a kansa aka ɗora Android da ke aljihun kowa. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne abin da ya biyo baya. A 2005 ya rubuta Git, manhajar da take adana tarihin gyare-gyaren da masu rubuta manhaja suke yi, domin wata buƙata da ta taso masa, bayan 'yan watanni ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano ya koma kan aikinsa, a 2011 kuma, da yake yana son ninƙaya a ƙarƙashin teku, sai ya fara wata manhaja ta adana bayanan nutso mai suna Subsurface, ita ma daga baya ya miƙa ta ga wani. Babu mai hankalin da zai ce masa ba ya tsayawa kan abu guda. Yana bin buƙatar da ke gabansa ne, idan ta biya sai ya bar wa wanda zuciyarsa ke wajen ya ci gaba.

Duk da haka, ya Edita, ba zan yi wa masu karatu adalci ba idan na bar su da tunanin cewa duk abin da aka ajiye sauyin sha'awa ne. Darussan mako-mako da na yi alkawari sun tsaya a na 14, kuma su ne kaɗai nake nadamar barinsu. Ban bar su don sun daina burge ni ba, na bar su ne a daidai inda suka yi wuya. Rubuta darasin da Hausa yana tilasta mini in samo wa kowane abu suna: wurin da manhaja take ajiye ƙima ta laƙaba masa suna na kira shi mazubi, umarnin da ke sa a maimaita aiki har sai wani sharaɗi ya cika na kira shi kewaye, amma da aka zo kan abubuwan da suka fi waɗannan zurfi sai in kwana uku a kan kalma ɗaya ba tare da wanda zan yi shawara da shi ba. Ga aure ya zo, ga makin jarrabawa, sai na samu uzurin da nake nema. Ɗalibai 6 ne suke zuwa karɓar takardun nan kowace Alhamis, kuma sun ci gaba da tambayata har suka gaji suka daina. Wanda ya bar ƙamus don wayar da zai zauna a ciki ta shuɗe bai ci amanar kowa ba, amma wanda ya bar yara suna jira ya bar bashi a wuyansa. Shi ya sa na ce wa ɗalibina ya tambayi kansa da gaskiya, shin ya bar shafukan intanet ne don wata buƙata da ta fi kusa da shi ta kira shi, ko kuwa don ya iso wurin da ake gumi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce tunda ya fara aikin farashin hatsi bai taɓa kwana bai buɗe shi ba, kuma abin da ya koya a baya da shi yake nuna wa mahaifinsa zanen a waya. Na ce masa to shekara da rabin nan tana nan a cikin aikinsa, ba ta je ko'ina ba.

Roƙona gare ka guda ne. A shafinku na kimiyya da fasaha, ku ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata ga masu wannan sha'awa, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai gyaran waya, su faɗi abin da suke ƙerawa da dare, har da wanda suka fara suka ajiye da dalilin ajiye shi, su kuma kawo kalmomin Hausa da suke amfani da su domin a tattauna a tsayar da waɗanda suka fi dacewa. Da na samu irin wannan wuri a 2011, da wata kalma ɗaya ba ta tsayar da ni kwana uku ba. Idan kun buɗe wannan fili, ina da darussa 14 a ajiye da zan sabunta su zuwa Python in aiko muku, na kuma fara rubuta na 15 a makon da ɗalibin nan ya tafi.

A ɓangaren gado kuwa, inda na tsaya yanzu shi ne mas'alar kaka namiji idan ya haɗu da 'yan'uwan mamaci. A mazhabar Imam Abu Hanifa kakan yana katange su, amma a Malikiyya, bisa ra'ayin Zaidu bin Sabit, yana ɗaukar wanda ya fi masa yawa tsakanin yin rabo da su kamar ɗayansu da sulusin dukiya, idan kuma akwai wasu masu ƙayyadadden kaso sai zaɓin ya zama uku, a ƙara da sudusin dukan dukiya, sulusin kuma ya zama na abin da ya rage. Dole manhajar ta lissafa kowane zaɓi daban, ta gwada su, kafin ta ci gaba. Na rubuta wannan ɓangare sau biyu, kuma akwai misalai biyu da amsata ta saɓa da ta malamin da nake kai wa aikin ya duba. Mun yi da shi zan koma ranar Asabar bayan la'asar da takarduna.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin lissafi, Zariya